Mama Roda da Dutsen Niƙan Uwarta

In kun taɓa shan kunun gyaɗa a Lokuwa, unguwarmu a nan Mubi, har kuka lashe leɓe kuka waiga ko wani ya gan ku, to na Mama Roda kuka sha. Shekara talatin da ɗoriya tana dama shi a ƙofar gida, a gindin darbejiya, cikin tukunya ɗaya da ta girmi rabin mutanen layinmu. Ni kuwa Safiyatu mai kitso, katanga ce kawai tsakaninmu, ita ma katangar ta gaji da tare zancenmu ta kwanta tun daminar bara waccan, ba wanda ya ce mata tashi. Saboda haka abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji ba. Kun kuma san ni, ba na ƙari sai inda labari ya rame.

Mama Roda gajeriya ce, in ta tsaya bayan tukunyar nan ɗankwalinta kawai za ka hango yana kai-komo. Amma murya! In ta ce "Kunu ya yi!" har daga Kamaru ana miƙo kofi. Kowa "kai" ne a bakinta, mace da namiji, fasto da liman, har akuyata. Mijinta Jatau mai gyaran keke ya rasu da daɗewa. 'Ya'yanta biyu suna Yola, sun yi sun yi ta koma wurinsu ta ƙi, wai zafin Yola yana dafa ƙwai tun yana cikin kaza. Shekarar da aka yi gudu a Mubi kowa ya ɗauki abin da ya fi so, ita tukunyar kunu ta ɗora a ka, ta taka da ita har ƙetare, ta dawo da ita ko lotsawa ba ta yi ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba a cikin gari aka haife ta ba. A kan dutse aka haife ta, can bayan Bahuli, wanda mu yanzu muke ce wa Gandu. Daga gindin darbejiyarta ana hango shi da safe, shuɗi-shuɗi. A da akwai gidaje a samansa, da gonaki hawa-hawa da aka tare da jeren duwatsu. Tana shekara tara rijiyarsu ta ƙafe rani biyu a jere, ga makaranta da asibiti duk a ƙasa, mutane suka fara sauka gida-gida. Ranar da nasu gidan ya tashi, Roda ta rungume turken akuya ta ce ba inda za ta. Yayanta Aaron, yana ɗan saurayi lokacin, shi ya ɓamɓare ta ya goya, ya sauko da ita tana dukan ƙeyarsa tun daga sama har ƙasa. Har gobe yakan sunkuya ya nuna wurin, wai ita ta fara masa sanƙo. Uwarsu ta ce kada kowa ya yi kuka, bayan damina za a dawo. Ba a dawo ba. Daga baya gwamnati ta kewaye wurin, ta ce ba sara, ba farauta, ba wuta, ba noma. Daji ya rufe. Yanzu ɗaliban jami'a ne ke hawa ranar Asabar, da fararen takalma da ruwan gora, su ɗauki hoto su sauko. Mama Roda kuwa shekara sittin da biyu tana kallonsa daga ƙasa, ko sau ɗaya ba ta koma ba.

Sai bara, ƙarshen damina, Baba Aaron ya kwanta. Kafinta ne, rabin bencinan cocinsu shi ya buga, yana zaune wurin 'yarsa Rachael a layi na biyu. Aka kai shi asibiti, aka ƙara masa ruwa, aka ba shi magani, likita ya ce ciwo ya tafi, abin da ya rage ya ci abinci. To nan ake yin ta. Tsohon nan ya rufe baki ruf. Rachael ta yi shinkafa, ya juya fuska bango. Ta yi farfesun kaza, ya ce a ba kaza haƙuri, an yanka ta a banza. Kunun Mama Roda, kunun da ke tayar da wanda aka fara yi wa salati, ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Kwana tara daga ruwa sai ɗan shayi. Ya rame har in ya yi tari gadon ne ke amsawa.

Ran na goma ya kira ƙanwarsa ya ce shi tuwo yake so. Murna a gidan kamar an yi haihuwa. Aka ruga inji aka niƙo jigari, jar dawar nan tamu, aka tuƙa. Ya shinshina ya ce warin gas yake. Mama Roda ta zagaya unguwa ta aro dutsen niƙa wurin wata tsohuwa, ta durƙusa ta niƙa da hannunta. Ya kai loma ɗaya baki, ya tauna, ya girgiza kai. Wai ba shi ba ne. Shi tuwon da yake nufi, na dutsen mamarsu.

Rachael ta fito tsakar gida tana share ido da gefen zani. "Goggo, ruɗewar tsufa ce. Wane dutse kuma? Haka za mu zuba ido yunwa ta ɗauke shi bayan ciwo ya bar shi?"

Mama Roda ta ɗauki kwanonta ta koma gida. Da la'asar ina tsakiyar yi wa wata kitson shuku, sai ga ta ta tsallako katangar nan da ta faɗi.

"Safiyatu, gobe za ka raka ni."

"Ina, Mama?"

Ta nuna da leɓe. Na bi leɓen da kallo har ya dire a kan Gandu.

"Mama, da waɗanne gwiwoyin? Ke da in za ki tashi daga kujera sai kin kira manzanninku goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya?"

"Gwiwa nawa ne, ba naka ba. Kai dai ka zo da gammo. Dutse ne ɗan kaɗan haka, za ka ɗauko a kai."

Ta gwada da hannu, kamar faɗin tire. Na ce to. Wa ya isa ya ce a'a? Haihuwata biyu, uwata na can Funtuwa, matar nan ce ta yi min wankan jego, tana tsula min ruwan zafi tana ce min raggo.

Gari na wayewa muka ɗauki keke har Bahuli, daga nan mashin ya ƙarasa da mu gindin dutse. Akwai ɗan ofis na kwano a wurin, ɗaki ɗaya, da allon dokoki, da Malam Jibrilla. Ku tsaya in gaya muku waye Jibrilla. Malamin daji ne, mutumin Mayo Bani, dogo siriri kamar gora, koren yunifom ɗinsa ya sha guga har yana iya yanka mutum. Shekara goma sha shida yana tsaron wurin. An ce wani babban mutum ya taɓa karyar ɗan reshe zai yi asuwaki, Jibrilla ya sa shi ya koma har sama ya ajiye inda ya samo. An ce in iska ta kwaso ganye ta fito da shi waje, sai ya rubuta sunanta a littafi. Ni ban gani ba, amma da na ga fuskarsa na yarda.

Yana ganin Mama Roda ya miƙe ya cire hula. Ashe da yana sakandare a layinmu ya zauna, kunun nan ne ya raine shi. Dada yake ce mata, wato uwa.

"Dada! Jam na, lafiya dai? Me ya kawo ki nan?"

"Jam. Gida zan je."

"Gida?"

"Gidan babana. Kai ka zauna a ƙofa, ba ka san masu gida ba?"

Ya yi dariya ya buɗe littafin baƙi. Suna, unguwa, dalilin ziyara. Ta ce ya rubuta gaisuwa. Ya dubi gammon da ke hannuna, na yi maza na ɗora shi a ka kamar sabon yayin ɗauri. Ya kulle ofis, ya ɗauki sanda da gorar ruwa, ya ce ba zai bar Dada ta hau ita kaɗai da wannan ba. Wannan ɗin ni ce.

Hawan da ɗalibai ke yi a awa ɗaya da rabi, mu awa huɗu muka yi. In kuma faɗi gaskiya, ko da ba kullum nake saka ta ba, ba Mama Roda ce ta ja mu baya ba. Tun a kwanar farko numfashina ya riga ni komawa Lokuwa. Ita kuwa ƙafarta na taɓa dutsen ta cire silifas ta miƙo min, ta ce da takalmi dutse ba ya gane mutum. Tana tafe tana cije leɓe. In gwiwar ta soke ta sai ta tsaya ta yi kamar wata bishiya take dubawa.

Amma jama'a, akwai wuri a bayan garin nan. Ciyawa ta kai kafaɗa, ta fara yin ja. Ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, da maɗaci irin wanda mutum uku ba sa rungumewa, ba wanda ya taɓa nuna masa gatari. Wani ɗan mayo, rafi ke nan, yana gangarowa tsakanin duwatsu, sanyin ruwansa har cikin haƙori. Zabin daji suka tashi a gabanmu fuuu, sun kai dubu. Jibrilla ya ce sha huɗu ne, ya san su. Gwaggon biri na zaune a kan dutse ya harɗe, yana mana kallon maigidan da aka shigo wa ba sallama. Ba ƙarar keke, ba janareta, ba mai kiran Safiyatu an zo kitso. Da na waiga, ga Mubi can ƙasa a shimfiɗe kamar shanyar wanki, rufin kwano na walƙiya, kogi ya ratsa ta tsakiya kamar tsagar kitso.

Jibrilla ya fara mana bayani irin wanda yake wa baƙi, wai wannan ce hanyar zuwa kango. Mama Roda ta ce wannan ta awaki ce, ta mutane tana hagu.

"Dada, ba hanya a hagu."

Ta kutsa cikin ciyawa, ta sa ƙafa ta share, sai ga matakala ta dutse, a jere har sama. Shekara sha shida yana wucewa ta gefenta. Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannu. Daga nan ita ce a gaba. Nan gonar wane, nan aka binne wance, wannan tsamiyar ita ta karya wa Aaron hannu. Tana farawa da Hausa, tana zarcewa da yarensu na Fali, ta manta mu ba ma ji.

Gidan nasu, abin da ya rage da'ira huɗu ce ta duwatsu, iya gwiwa. Gamji ya fito a tsakiyar ɗakin uwarta ya baza rassa. Ta tsaya a inda ƙofa take, ta yi sallama da yarensu, ta ɗan jira kamar za a amsa, sannan ta shiga. Bakina da ba ya mutuwa, ranar ya mutu na kusan minti biyar.

Ta zagaya bayan ɗakin, wurin wani falalen dutse, ta durƙusa da ƙyar ta fara kwashe busassun ganye da hannu. Sai ga rami, dogo, kamar akushi, sumul, shekarun niƙa sun cinye cikinsa.

"Ga shi," in ji ta.

Na dubi ramin. Na nemi inda dutsen ya ƙare ta gabas, bai ƙare ba. Ta yamma ya shige ƙarƙashin gamji ya tafi abinsa. Dutsen niƙan uwar Mama Roda a jikin Gandu yake. Shi ne dutsen da muka yi awa huɗu muna hawa.

"Mama, wannan ne zan ɗauka a ka? Da gammon nan? To kama min, ki ɗaga ta wajen Kamaru, ni in ɗaga ta wajen Bahuli."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna daɓas tana shafa bakin ramin. A idon 'yar shekara tara, dutse ne kamar na kowa, wanda uwa ke durƙusawa a gabansa da safe, ba ta taɓa leƙa ko yana da gindi ba. Haka ta riƙe shi a ranta duk shekarun nan, ɗan daidai ɗauka.

Can sai ta zabura. Ta rarrafa wurin wata tsaga a ƙarƙashin falalen, ta zura hannu har kafaɗa.

"Dada, maciji!" in ji Jibrilla.

"Ya san ni."

Ta jawo ɗan dutsen, na saman nan da ake murzawa da shi, baƙi, mulmulalle, kamar ƙaramin burodi. Gefe da gefe ya lotsa daidai inda yatsu ke kamawa. Ranar tashi uwarta ta ɓoye shi a nan, don bayan damina. Mama Roda ta sa hannuwanta a gurbin, suka zauna cif. Ta rungume shi a ƙirji, ta ƙarasa kukan da ta fara a bayan Aaron.

Da ta share ido sai ta kwance gefen zani za ta ƙulle shi. Ko wannan ma ya isa, in ji ta, a murza shi a kan dutsen aro, Aaron zai ji hannun mama.

Jibrilla ya yi gyaran murya. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa.

"Dada, ba ya fita."

"Mi ne?"

"Ba a fitar da komai daga gandu. Yana jikin allo."

"Allo! Lokacin da mamana yana niƙa a nan, babanka ma bai san wando ba. Kayan uwana ne!"

"Na sani, Dada."

"Yayana yana mutuwa, kai kana karanta min allo? Kunun da na ɗura maka, da kare na ba, da yau yana bina yana kaɗa bindi!"

Ni ma na sa baki, kun san ba a barina a baya. Na ce haba Malam, dutse ɗaya cikin miliyan, wa ya ƙirga? Ka kalli gabas mana, mu mu kalli yamma. Har na fara auna ko zai shige cikin gammo.

Jibrilla ya durƙusa a gabanta, idonsa ya yi ja. "Dada, ki zage ni, kin isa. Amma kafin in zo wurin nan, da mota ake zuwa gindin dutse ana kwasar irin waɗannan. Tuluna, duwatsun niƙa, har na kan kabari, a kai wa masu adon gida. Kangon gabas ba abin da ya rage sai ƙasa. Ni na hana. Manya sun roƙe ni, na hana. Abin da ya sa kika zura hannu yau kika tarar da shi, don ban bar kowa ya ɗauki na uwar wani ba. In na bar ki, gobe da wane baki zan hana na gaba?"

Har gwaggon biri sai da ya daina susa. Mama Roda ta daɗe tana kallon ɗan dutsen. Sannan ta kwance zanin, ta ɗora shi cikin ramin a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ya zauna daram.

"To Aaron fa?" Muryar nan da ake ji a Kamaru ta koma kamar ta sauro.

Jibrilla ya tsaya yana kallon ramin da ɗan dutsen a cikinsa. Sai ya ce, "Dada, fitarwa aka hana, ba a hana niƙa ba. Akwai jigari a ofis, na gonata, jiya na kawo zan kai inji. Ku wanke ramin ya bushe."

Kafin mu buɗe baki ya miƙo min sanda da hula, ya nannaɗe ƙafar wandon nan mai guga, ya faɗa gangare kamar an harba shi.

Muka yi ta jidar ruwa daga mayo da gora ɗaya, muka wanke ramin sau uku, muka goge da ɗankwalina, rana ta ƙarasa sauran. Awa biyu da 'yan mintuna sai ga Jibrilla, jiƙe sharkaf, ƙullin jigari a kafaɗa, faifai da 'yar tsintsiya a hannu, yunifom ya koma kamar tsumman goge mota. Ni da shi muka yi azahar a inuwar gamji, ita ta yi addu'arta. Ta ci ɗamara, na tura mata gammo ƙarƙashin gwiwa, ta durƙusa inda uwarta ke durƙusawa.

Ta zuba tafi ɗaya, ta danna. Gurr, gurr. Da farko hannun bai gane hanya ba. Can sai kafaɗar ta tuna, ta fara tafiya da kanta, gaba, baya, ga wata 'yar waƙa can ƙasa-ƙasa da ban ji kalma ɗaya a cikinta ba, amma tsigar jikina ta tashi. Jan gari ya fara taruwa a bakin rami. Da ta gaji na karɓa.

"Danna! Ba kitso ba ne. Kai, hannu kamar dafaffen kuɓewa."

Jibrilla ya ce a ba shi. Ta ce namiji bai taɓa durƙusa wa dutsen nan ba, ba kuma a kan malamin daji za a fara ba. Sai ya koma share gari yana tarawa a faifai. Duk ƙwayar da ta yi tsalle kuwa sai ya bi ta ya tsince, wai kada damina ta zo dawa ta tsiro a ce an yi noma a gandu. Mutumin nan, Allah ne ya yi shi.

Wajen la'asar muka haɗa gari kamar mudu biyu. Mama Roda ta ɗebi tafi ɗaya ta mayar cikin ramin, ta ce mamarta ba ta barin dutse da yunwa. Jibrilla ya buɗe baki, ya dube ta, ya rufe. Ta ɗauki ɗan dutsen ta goge shi da zani, ta zura shi cikin tsagar har kafaɗa.

"Kai kaɗai ka ga wurin. Wannan," ta nuna ni, "bakinsa ne babba, ƙafarsa ba zai sake kawo shi ba."

"In ina raye ba zai ɓata ba, Dada."

Saukowa ce ta tona asirin gwiwa. Ko rabin matakalar ba mu ci ba ƙafafun suka ƙi. Ta zauna, ta yunƙura, ta koma. Jibrilla ya juya mata baya ya tsuguna. Ta ce Allah ya kiyaye, ita ba buhun gyaɗa ba ce. Ya ce to mu kwana da birai, Baba Aaron ya ƙara kwana da yunwa. Ta hau. Haka muka sauko, ni a gaba da gari a kan gammo, kun ga ashe dai na ɗauko wani abu a ka, shi a baya da ita. Tana ta mita wai sau biyu ke nan ana sauko da ita daga gidan ubanta a goye. Lokaci-lokaci sai in ji ɗan tas a ƙeyarsa, a hankali, wai don shi ma ya samu nasa sanƙon.

Washegari da sassafe ta tuƙa a kan itace, da miyar yakuwa da gyaɗa. Na riƙe ta muka lallaɓa gidan Rachael. Baba Aaron na kwance fuska bango. Ta ajiye kwanon, murfin kawai ta buɗe. Hancinsa ne ya fara juyowa, sauran jikin ya biyo baya. Rachael ta tallafe shi ya zauna. Ya wanke hannu, ya gutsuri kaɗan, ya dangwali miya. Mu uku muka daina numfashi.

Ya tauna sau ɗaya, sau biyu. Sai muka ji ƙaras! 'Yar ƙasar dutse ce, irin mai bin gari. Rachael ta zabura za ta janye kwanon, don haƙoransa biyar suka rage a duniya. Ya kare kwanon da hannu. Ya rufe ido ya daɗe yana juya abin a baki, hawaye na bin ramin kumatunsa. Ya yi magana da yarensu, Mama Roda ta ba shi amsa a fusace, su biyun suka fashe da dariya.

Na taɓa Rachael. "Me ya ce?"

"Wai dutsen na mama ne, amma hannun na malalaciya ne, garin duk tsaki."

"Ita fa?"

"Ta ce inda ya ji tsaki maƙwabciyarta ce ta niƙa."

Ni! Ni da har yau in na ga tudu sai in canza hanya. Tsohon dai ya riga ya kai loma ta huɗu. Ya cinye malmala ɗaya, ya suɗe hannu, ya nemi rabi. Rachael ta fita waje ta yi kukanta ta dawo.

Da ya wanke hannu sai ya dubi ƙanwarsa, wannan karon da Hausa. "Ɗan dutsen fa? Ka same shi?"

"Na same shi."

"Ka mayar?"

"Yana inda mama ya sa shi."

Ya gyaɗa kai. "Ya yi. Ka yi hankali. Da ka ɗauko shi, da mun ɓata. Can ne wurinsa."

Mama Roda ta ce ai ita ba yarinya ba ce, ta san da haka, ko tunanin ɗauka ba ta yi ba. Ta juyo ta kafe ni da ido, irin kallon nan na in ka tanka ka mutu.

Kafin sati biyu Baba Aaron ya fito ƙofar gida yana gyara ƙafar benci, yana faɗa da masu keke. Gwiwar Mama Roda ta kumbura sati uku, yanzu a zaune take dama kunu, ta kuma san ba za ta sake hawa ba. Rachael ce ke zuwa, Asabar ɗaya ta tsallake ɗaya, da ƙullin jigari a ka da filas ɗin kunu na Malam Jibrilla. Ta ce a littafin baƙi, tsakanin masu yawon buɗe ido da masu bincike, wurin dalilin ziyara yana rubuta mata niƙa. In za ta fito kuma sai ya leƙa ƙullin, doka doka ce.

Shi kuwa Baba Aaron har yau duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin hankalin ƙanwarsa, yadda ta ga kayan uwarsu ta bar shi a wurinsa ba wanda ya gaya mata. Mama Roda sai ta sunkuyar da kai don kunya irin ta mutanen kirki. Ni kuma na riƙe amana, ban faɗa wa kowa ba sai ku. In kun je shan kunu, ba ku ji daga bakina ba.